Ƙafar da Ɗanjuma Ya Yi wa Takalmi

Bana shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar Ɗanjuma, mai haɗa ƙafafun roba a Yelwa. Ɗan ƙanwar mahaifina ne, wato taubashina, kuma duk wanda ya san wasan taubasai ya san ba a yabon juna a cikinsa. Tun muna yara ban taɓa faɗa masa magana mai daɗi ba in da mai ɗaci a kusa, shi ma bai taɓa raga mini ba. Shi ya sa na daɗe ina ɗage wannan rubutu. Da zai ga ina yabonsa a jarida, cewa zai yi tsufa ya fara taɓa mini kai. To, tsufan ya zo ɗin, sai ya yi haƙuri ya sha yabon.

Ni malamin firamare ne, na daɗe da yin ritaya. A shekarun da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato ina zaune a Wara, ina koyarwa a wata tungar masunta da ke ƙetaren ruwa. Kullum da safe jirgi nake shiga in ƙetara, da la'asar in dawo. Wata damina ina nome gonar Inna, mahaifiyata, kububuwa ta sare ni a ƙafar hagu. Aka yi ta jiƙe-jiƙe da shafe-shafe na gida, kafin a kai ni asibiti ƙafar ta riga ta lalace. Suka yanke ta ƙasa da gwiwa. Ba zan tsaya a kan wannan ba, domin ba shi na zo faɗa ba, kuma har yau ba na son tuna shi.

Da ciwon ya lafa, abin da ya hana ni sakat shi ne ajina. Hedimastanmu mutumin kirki ne, ya riƙe mini gurbina yana haɗa yarana da na wani aji, amma ya aiko mini a fili cewa abin ba zai ɗore ba. In aka dawo daga dogon hutu ban koma ba, ofis zai turo wani, ni kuma a sallame ni. Ina da shekara talatin da 'yan kai, da mata da yara ƙanana, ban iya komai ba sai alli da allo. Kuma na ga inda waɗanda aka yanke wa ƙafa suke ƙarewa a garinmu: a ƙofar gida, kan tabarma, mai wucewa ya ce sannu, su ce yauwa, har rana ta faɗi. Wannan zaman ya fi macijin ba ni tsoro.

A lokacin Ɗanjuma bai daɗe da dawowa gida ba. Ya yi shekaru a birni yana koyon haɗa ƙafafu da hannaye na roba, da aka yi sabuwar jiha sai ya tattaro kayan aikinsa ya ce gida ya fi buƙatarsa. Ya kama shago a bayan kasuwar Yelwa, ya shafe ƙasan da siminti sumul, ya kafa ƙarafa biyu na dafawa, ya jingina dogon madubi a bango. Shi Ɗanjuma dogo ne siriri, kullum da fensir a bayan kunne. Yana da wani hali na karkata kai ya bi mutum da kallo in yana tafiya, har matan kasuwa suka fara zarginsa da wani abu daban, alhali shi ƙafafunsu kawai yake karantawa.

Aiki kam ya iya, wannan ko ni ban musa ba. Ya auna dungulmina da hannunsa, ya yi mazaunin da zai shiga ya zauna daram ba ya cizo. Ya shafa wa ƙafar launin fatata. Ya haɗa mini da takalmi sau-ciki, baƙi mai sheƙi, ya ce malamin makaranta ba ya yawo kamar mai tallan kifi. Na ɗaura, na kama ƙarafan, na saki, na taka daga bango zuwa madubi na dawo. Inna, da ta rako ni, ta rufe fuska da mayafi tana kuka tana sa masa albarka. Ni kaina na ce shi ke nan, na koma aji.

Akwai abin da ban sani ba, shi kuma bai ɗauke shi a bakin komai ba. Ƙafar ba ta da idon sawu. Ƙwaurin da tafin a haɗe suke kam, ba sa motsi, kuma an daidaita su ne da tsayin dunduniyar takalmin nan. Muddin takalmin na ƙafa, ƙasa kuma a shimfiɗe take, to lafiya lau. Haka aka koya masa, kuma ba laifin masu koyarwar ba ne: a inda aka tsaro abin, mutum kan sa takalmi da safe, ba ya cirewa sai zai kwanta. Mu kuwa fa? Mai karatu ya tuna sau nawa ya tuɓe takalmi jiya kaɗai. Zai shiga masallaci ya tuɓe, zai shiga ɗakin mahaifiyarsa ya tuɓe, ya hango surukinsa tun daga nesa ya tuɓe ya durƙusa. Mu na bakin ruwa kuma muna da ƙari, domin jirgi ba ya isowa busasshiyar ƙasa. Sai ka naɗe wando, ka gangara, ka taka laka, ka shiga ruwa kafin ka hau.

Ranar da na ce bari in gwada ƙetarewa, ranar kasuwa ce, bakin ruwa ya cika maƙil. Na taho da baƙin takalmina ana ta yi mini barka. Da na isa gangare na tuɓe kamar kowa, na riƙe su a hannu, na ɗaga ƙafa. Dunduniyar robar ta sauka ƙasa, ƙwaurin ya bi ta baya, sai na ji kamar wani ya fizgi rigata ta ƙeya. Na zauna daɓas cikin laka, daga nan na kwanta gaba ɗaya. Mata masu kifi suka ɗau salati. Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi. Uban wani ɗalibina ne ya sunkuce ni kamar ƙaramin yaro ya kai ni tudu. Na koma gida na kwance ƙafar na tura ta ƙarƙashin gado, na juya fuskata bango.

Inna ta shigo ta zauna a bakin gadon. Ba ta tambayi inda na bugu ba, abin da ke ranta daban ne.

"Kul ka hwaɗa ma Ɗanjuma," in ji ta. "Yaron ga ya yi ɗawainiya da kai, bai nemi komi gare ka ba. In ya zaka ka ce ta yi, Allah shi saka. Ba ni son in ji wata magana bayan wagga."

Ba a yi mako ba sai ga shi a kan babur ya zo duba aikinsa. Inna ta sa aka wanke ƙafar, aka goge takalmin, na ɗaura na fito tsakar gida ina taku kamar soja. Ya karkata kai, ya bi ni da kallo, daɗi ya kama shi.

"Ka gani ko?" ya ce. "Ko sa'adda kake da taka ta gaske ba ka iya tahiya haka ba."

Da wani ne ya yi mini ƙafar nan, likita ko baƙo ko ma wana uwa ɗaya uba ɗaya, da na yi abin da Inna ta ce. Da na yi godiya, na raka shi ƙofa, na dawo na mayar da ita ƙarƙashin gado, aikina kuma ya tafi. Amma Ɗanjuma ne, wanda tun ina yaro aka ba ni lasisin zaginsa. Na zauna a kan turmi na cire takalman, na miƙe tsaye a gabansa ina tangaɗi, na dafa bango.

"Ɗanjuma, wa kay yi ma ƙahwar ga, ni ko takalmi? In takalmi na, ga shi nan, shi tahi makaranta shi koyar. Ni dai laka nis sha gaban jama'a."

Fuskarsa ta canza. Wannan ba irin fushin wasa ba ne, na gane.

"Mutum nawa niy yi ma ƙahwa ƙasar ga? Ba wanda yat taɓa kawo ƙara. Kowa godiya shikai. Kai ɗai ka da baƙin baki."

"Su ba taubasanka na ba," na ce. "Kunyarka suka ji. Tahi gidajensu ba tare da ka aika ba, ka gani da idonka."

Ya tashi ya buga baburinsa, ko tuwon da Inna ta tuƙa masa bai taɓa ba. Inna ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata.

Daga baya ya ba ni labarin abin da ya gani, kuma bai taɓa ba da shi yana dariya ba, ko da yake akwai abin dariya a ciki. Ya je gidan wata mata a wajen Ngaski, ya tarar ƙafarta na cikin akwati a nannaɗe da sabon zane. Ashe sai ranar Sallah take sa ta, da ranar da za ta Yelwa gaishe shi. Ya je gidan wani tsohon masunci ya ga da ita ake tokare ƙyauren zaure kada iska ta buga shi. Kowa ya gan shi sai ya rikice, a aika yara su ɗauko, a ɗaura da sauri, a yi ta rantse masa cewa ba a taɓa ganin ƙafa irinta ba. Na ƙarshe wani manomi ne a ƙasar Shanga. Ƙafarsa na rataye a jikin rumbu, shi kuwa yana can gona yana jan gwiwa da tsumma ɗaure a dungulmi. Ɗanjuma ya tsuguna a gabansa cikin kunya ya roƙe shi don Allah ya faɗa masa gaskiya. Mutumin ya ce, "Ai ba laihinta ba na, ranka shi daɗe. Ita ta birni ta, mu ka ba ta wahala." Ɗanjuma ya ce mini da mutumin ya mare shi da ya fi masa daɗi.

Ni ba mai sukar kara ba ne. Da ita muka tashi, ita ke sa maƙwabci ya haɗiye magana a zauna lafiya, kuma na ga garuruwan da babu ita, ban yi sha'awarsu ba. Amma a wannan wuri kara ta cuci kowa. Mutane na can suna jan jiki don kada su ɓata wa mai alheri rai, shi kuma mai alherin na nan yana ƙara ƙera irin ƙafar da ba ta da amfani, yana murna. Da ba don Allah ya sa yana da taubashi gurgu ba, da haka zai yi ta yi har ya tsufa ana sa masa albarka.

Da ya dawo daga wannan yawo, gidanmu ya yo kai tsaye. Ya gaida Inna, ya shigo ɗakina ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na jira in ji ban haƙuri. Sai ya ce, "Kai dai ba ka da mutunci. Tashi mu tahi bakin ruwa." Iyakar ban haƙurin da na samu ke nan, kuma ya ishe ni.

Ya rufe shagon Yelwa ya tare a gidanmu. Da safe ya tafi gangaren da na faɗi ya zauna a kan wani kifaffen jirgi, yana kallon ƙafafun masu hawa da sauka. Ya ce shekarun da ya yi a birni bai taɓa kallon ƙafa ba takalmi tana aiki ba. In mace ta ɗauko daron kifi za ta hau tudu, ƙwaurinta sunkuyowa yake kan tafin. In za ta gangara, tafin ne ke miƙewa ya nemi ƙasa tun kafin nauyi ya sauka. Masunci kuwa in yana tsaye jirgi na rawa, tafin kan kwanta gefe ya dawo, shi bai ma sani ba. Duk wannan aikin ɗan wurin nan ne da ke tsakanin ƙwauri da tafi, wurin da shi ya ɗaure tamau. Ranar da ya ɗauko zarto ya raba ƙafata biyu daidai idon sawu, Inna ta yi salati ta bar tsakar gidan, ta ce ita ba za ta ga an yanke mini ƙafa sau biyu ba.

Robar tsohuwar tayar mota ya yanko ya sa a tsakani, ya ratsa ƙusa ta tsakiya ya ɗaure. Ta farko ta yi laushi da yawa, ina takawa gwiwata ta karye na kifa ta gaba. Ya ce aƙalla an sami canji, da baya nake faɗuwa. Wata ta yi daidai amma tana kuka kamar ɓera duk inda na taka, karnukan unguwa suka dinga bina. Wata ƙusarta ta yi tsatsa saboda ruwa, sai da ya je wurin maƙera aka zuba masa ta tagulla. Katakon tafin ya sha ruwa ya kumbura, ya karɓo kwaltar da masu gyaran jirgi ke toshe ɓaraka da ita ya shafe shi. A hankali ya gano sai robar baya ta fi ta gaba laushi, domin dunduniya ta sauka a hankali, gaba kuma ya tare nauyi kada mutum ya kifa. Tafin ya daidaita shi da ƙasa, ba da takalmi ba. Har tsaga ya yi tsakanin babban yatsa da na kusa da shi don silifa ta shiga.

Kullum sai mun yi faɗa. Ni nake takawa in faɗi aibin, kuma ba na ragewa, har ƙari nake yi. Shi ya ce duk kayan awon da ya zo da su daga birni ba wanda ya kai ni amfani, tunda ni ba ni da kunya. Amma a ƙarƙashin wasan hankalina a tashe yake. Hutu na ƙarewa, dungulmina ya yi jawur saboda gwaji, kuma akwai ranakun da na so in ce masa ya bari haka, a bar ni da abin da Allah ya ƙaddara. Ban faɗa ba, don na san abin da zai kira ni.

Ranar da aka koma makaranta na fito da silifa. Na isa gangaren, na zame su, na riƙe a hannu. Wasu daga cikin mata masu kifi suka kau da kai don kada su ga abin da suka gani wancan karon. Na ɗora dunduniya, ta nutse, na ji robar ta ba da kai, tafin ya kwanta a kan laka, ni kuma ina tsaye. Na sake takawa. Na shiga ruwa, na dafa gefen jirgi na hau, jirgin ya karkata, ƙafar ta bi shi ta dawo. Na waiwaya. Ɗanjuma na tsaye a tudu, kai a karkace, ba murmushi ba komai. Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Kana ɗingishi!"

"Aikin wa na?" na mayar masa.

Bakin ruwa ya kaure da dariya, har mai tuƙin ya kusa sakin filafili. Da na shiga aji yaran suka miƙe suka gaishe ni, sai na juya ga allo na yi kamar ina neman alli har idona ya bushe. Ban taɓa jin farin ciki irin na ranar ba, ko ranar aurena, kuma matata ta san na faɗi haka.

Bayan wannan ya bi duk ƙafafun da ya taɓa yi, ya karɓo su ɗaya bayan ɗaya ya sake musu idon sawu. Ya kuma bar tambayar nan ta "ta yi?", domin ya gane amsarta ɗaya ce a ƙasar nan. In mutum ya zo, sai ya ce ya kwance ƙafar, ya juya tafin ya duba. In ya gan shi tas ba ƙarzuwa, ya san ajiye ta ake yi, komai rantsuwar mai ita. Gwajinsa ya bar kan siminti ya koma bayan shago, inda ya tara yashi da laka ya yi ɗan tudu. Zai ce da mutum, "Tuɓe takalmi. To, gaishe ni yadda kaka gaida surukinka." In duk ya rasa gane matsalar, sai ya ce a turo masa abokin wasan mutumin, shi zai faɗa masa yadda yake tafiya a gida. Manomin Shanga ya koma noma a tsaye, kuma duk kaka sai ya aiko masa da damin gero.

Kada in yi masa ƙarya don ya mutu: bai gama ba. Robar kan gaji, sai an sake ta. Ƙafar tana da nauyi, da yamma kana jin ta a ƙugu. Kuma akwai abin da ya gagare shi har ya koma ga Allah, wato zaman tahiya a sallah. Tafin ba ya miƙewa ya kwanta a ƙarƙashin mutum, don haka ni da ire-irena sai dai mu miƙe ƙafar gefe, mu nemi ƙarshen sahu don kada mu takura wa na kusa. Abin na cin ransa. Sau da yawa a masallaci nakan lura bayan sallama idonsa na kan ƙafafun na gabansa, in zungure shi in ce wannan sallar tasa sai an duba ta.

Yanzu nakan zauna in ce da zai leƙo ya ga zamanin nan, me zai ce? Zai yi baƙin cikin ganin masu buƙatarsa sun ƙaru. A zamaninsa maciji ne da gyambo, yanzu ga haɗarin babur ga ciwon sukari. Zai yi mamakin jiragen da duk suka koma na inji. Amma na tabbata murnarsa za ta fi yawa, saboda Hajara. 'Yarsa ce ta biyu, tana ƙarama ya rasu, ta yi karatun wannan aiki har jami'a, yanzu shi take yi a birni. Da ta zo Sallah ta nuna mini a wayarta wani idon sawu mai batir da ɗan inji a ciki, wai shi da kansa yake gane tudu da gangare ya daidaita. Ɗanjuma ba mai kishin sabon abu ba ne. Na san da ya samu da sai ya kwance shi gaba ɗaya ya ga cikinsa, ko da ba zai iya mayarwa ba. Bayan nan zai karkata kai ya tambaya ko yana shiga ruwa, da inda mutumin tunga zai yi cajinsa, da wanda zai gyara shi a Wara in ya tsaya. Ba don raini zai tambaya ba, sai don ya san wa za a yi wa.

Hajara ma tambayoyin da take yi ke nan, ba tare da ta ji daga bakinsa ba. Ita da abokan aikinta suna neman yadda za a yi mai sauƙi, marar nauyi, wanda zai miƙe ya kwanta a zaman tahiya. Ta kawo mini na gwaji, na sa na yi kwana biyu da shi. Da ta tambaye ni, sai na ji bakina na cewa ya yi, Allah ya yi albarka. Ai ita 'ya ce, ba taubashiya ba. Ta dube ni, ta sunkuya ta juya tafin ta duba, ta ce, "Baba, don Allah kada ka yi mini kara. Hwaɗa mini awa yadda kaka hwaɗa mai." Na gyara zama na zazzage mata aibinsa tas, tana rubutawa tana dariya. Ta koma da shi, ta ce za ta dawo da wani. Ina sa ran zan yi tahiya a tsakiyar sahu kafin in mutu, in kuma ban kai ba, wani zai yi.

In aka ce me ya rage na Ɗanjuma, ba ƙafafun ba ne. Roba ce da katako, yawancinsu sun ruɓe, tawa ma an sake ta ba sau ɗaya ba a kan tsarinsa. Shagon yanzu mai sayar da kayan waya ne a ciki, ba allo ba suna. Abin da ya rage shi ne mutanen da ya mayar cikin mutane, da abin da suka yi bayan nan. Ni na koyar har lokacin ritayata ya yi, kuma a cikin yaran tungar nan yau akwai malamai, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai wanda ke tuƙa jirgin da nake shiga ya ƙi karɓar komai a hannuna. Ba su san sunansa ba, amma da hannunsa a karatunsu. Ya kuma bar wa masu wannan aiki hali guda: an faɗa masa gaskiya mai zafi ya yi fushi, amma bai tsaya a fushin ba, ya hau babur ya je ya duba.

Gajeriyar rashin lafiya ya yi, da damina, ba mu ma ɗauka tafiya ce ba. Da aka yi masa sallah muka kai shi maƙabarta, ƙasa duk ta jiƙe tana santsi. Aka ce dangi na kusa su sauka su karɓe shi. Na zame silifata na matsa. Wani dattijo ya riƙe mini hannu, da kyakkyawar niyya, ya ce, "Malam, bari masu ƙahwa su shiga."

Na ce, "Ina da ƙahwa. Shi yay yi ta."

Na sauka, na durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, na tallabi kansa muka kwantar da shi. Sannan na miƙe na fito da kaina, ba wanda ya ɗago ni. Allah ya haskaka makwancinka, Ɗanjuma, ya tsayar da dugaduganka a ranar da ƙafafu ke zamewa.